Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Ƙera Mutum-Mutumi na Gasa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Minna, a Limawa ne ko Kpakungu ko Bosso ko Tunga, ya san motar langalanga. Mukan tsinto gwangwanin madara mu buɗe shi, mu daddage shi da dutse, mu yanko tsofaffin silifa mu yi tayoyi, sa'an nan mu ɗaura zare mu ja. Ranar tsere kuwa, ba kasafai motar da ta fi kyau take kai ƙarshen layi ba. Tana cikin gudu taya za ta fice, mai ita ya tsaya yana hawaye, wata mummuna da aka ɗaure da kyau ta zo ta wuce.

Wannan ne ya faɗo mini a rai a hutun bara, lokacin da wasu abokaina masu karatun injiniya suka gayyace ni kallon wata ƙaramar gasar mutum-mutumi ta ɗalibai. Nasu sun shafe wata uku suna haɗa shi. Yana da dogon hannu mai gaɓoɓi uku da fitilu masu walƙiya, kuma a ɗakinsu na ga ya yi aiki da idona. Da aka busa usur, bai yi rabin minti ba ya daki katakon gefen fili, waya ɗaya ta zame daga jikin batir, ya tsaya cik har lokaci ya cika. Wanda ya ci gasar wani gajere ne kamar kunkuru, ba ado ba fitila, abu ɗaya kawai ya iya, amma sau uku aka kira shi fili, sau uku ya yi abin nan.

Wannan muƙala za ta bayyana yadda ake tsara irin wannan na'ura da yadda ake ƙarfafa ta, tun daga karanta dokar gasa har zuwa ranar shiga fili. A ƙarshe kuma za ta taɓo rawar da ɗalibin Hausa zai iya takawa a wannan fage.

Mene Ne Mutum-Mutumi?

Kalmar robot da Turawa ke amfani da ita asalinta daga harshen Cek take. Marubuci Karel Capek ne ya fito da ita a wasan kwaikwayonsa mai suna R.U.R. a shekarar 1920, daga kalmar robota, wato aikin tilas, irin wanda kakanninmu suka ɗanɗana lokacin shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Baro, ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911. Amma tunanin ƙera na'ura mai motsi da kanta ya girme wa kalmar nesa. A shekarar 1206 malamin nan Al-Jazari, wanda ya yi aiki a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa da ya bayyana agogon giwa da na'urar zuba wa mutum ruwan wanke hannu.

A Hausa an fi cewa mutum-mutumi, wasu kuma su ce saƙago. Sai dai mai karatu ya lura, na gasa ba kasafai yake da siffar mutum ba, ya fi kama da akwati mai tayoyi. Abin da ya sa ya ci sunansa abu uku ne. Yana jin abin da ke kewaye da shi ta hanyar wasu ƙananan na'urori da ake kira sensa. Yana yanke shawara da 'yar ƙaramar kwamfutar da ke cikinsa. Sa'an nan yana motsi da taimakon moto, wato ƙaramin injin lantarki mai juyawa irin na cikin fanka. Ji, da tunani, da aiki ke nan.

Gasannin Ɗalibai

Gasar haɗa mutum-mutumi ta daɗe a duniya. A 1979 aka yi gasar Micromouse a birnin New York, inda 'yar na'ura mai kama da ɓera take neman hanya da kanta cikin lunguna masu ruɗarwa. A 1989 wani injiniya ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST domin jawo matasa zuwa ga kimiyya. Gasar RoboCup ta ƙwallon ƙafa ta fara a Nagoya ta Japan a 1997, ita kuma World Robot Olympiad ta fara a Singafo a 2004. A 2017 aka buɗe gasar FIRST Global a Washington, ɗaliban sakandare daga ƙasashe sama da 150 suka halarta, har da na Nijeriya. Aikin da aka ba su a shekarar shi ne rarrabe ƙwallaye masu launi biyu, shuɗi a matsayin ruwa mai tsabta, ruwan lemo a matsayin ƙazanta. A nahiyarmu kuma akwai gasar PARC wadda Dakta Sidy Ndao ya assasa a Dakar ta ƙasar Sanagal a tsakiyar shekarun 2010.

A gida, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, tana da sashen da ake koyar da mekatoronik, wato ilimin da ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta wuri guda. A 2020 kuma hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja. Ke nan abin ya zo ƙofar gida.

Mataki na Farko: Doka da Tsari

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne fara sayen kaya kafin karanta doka. Kowace gasa tana da littafin dokokinta, kuma a cikinsa ake samun girman da aka yarda da shi, da irin kayan da aka halatta, da tsawon lokaci, da yadda ake ba da maki. A gasar FIRST Global, misali, dole ne mutum-mutumi ya shiga cikin akwati mai santimita 50 ta kowace fuska kafin a fara wasa, kuma wasan minti biyu da rabi ne kacal. Wanda nasa ya zarce awo da faɗin yatsa sai ya koma ya rage, komai wahalar da ya sha.

Bayan karanta doka sai ƙungiya ta zauna da takarda da alƙalami ta jera ayyukan da ke kawo maki, ta tambayi kanta: wanne ne za mu iya yi kullum ba kuskure? A nan kwaɗayi yake shigowa, domin kowa yana son nasu ya iya komai. To amma ga wani lissafi mai sauƙi. A ɗauka kowane ɓangare na na'ura yana aiki daidai sau 95 cikin 100. Idan aikin ya rataya a kan ɓangarori biyar, kuma dole sai duk sun yi daidai, damar nasara ta koma kimanin 77 cikin 100. Idan ɓangarorin suka kai goma, sai ta sauko zuwa kimanin 60 cikin 100. Wato duk gaɓar da aka ƙara, an buɗe wa matsala wata ƙofa. Hannun abokaina mai gaɓoɓi uku yana buƙatar moto uku da wayoyi masu yawa, alhali cokali ɗaya mai turawa ya ishi aikin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kafin a yanka ƙarfe, yana da kyau a fara yin samfuri da kwali da gam. Kwali ba ya cin kuɗi, kuma a cikin awa guda zai nuna ko hannu zai kai inda ake so, ko batir zai sami wurin zama.

Gangar Jiki

Gangar jiki ita ce firam ɗin da komai ke hawa kansa. Ana yin ta da alminiyam, ko siririn katako, ko bututun roba na ruwan famfo. Alminiyam ya fi dacewa domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, ga shi da sauƙin hudawa. Masu haɗa tagogin alminiyam a gari sukan tara guntaye da yawa, kuma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ɗalibi zai samu.

Abu na farko da za a kula da shi shi ne siffa. Idan aka haɗa sanduna huɗu da ƙusa a kowace kusurwa aka yi murabba'i, da an tura shi ta gefe sai ya karkace. Idan kuwa sanduna uku aka haɗa aka yi alwatika, ba ya karkacewa sai dai sanda ta karye. Shi ya sa kafinta yake gicciya katako a rufin ɗaki, shi ya sa kuma mai walda yake gicciya ƙarfe a ƙafafun tankin ruwa. Sanda guda da aka gicciya daga kusurwa zuwa kusurwa tana ƙarfafa firam fiye da ƙarin kauri, kuma ba ta ƙara nauyi sosai.

Abu na biyu shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin abu ya tattaru. Direban da ya jibga buhunan doya a saman mota ya san yadda take rangaji a kwana. Haka mutum-mutumi yake. Batir da moto su ne mafiya nauyi, saboda haka a ajiye su can ƙasa, a tsakanin tayoyi. A kuma buɗa tsakanin tayoyin gwargwadon yadda doka ta yarda. Akwai gwaji mai sauƙi: a miƙa hannun na'urar iyakar tsawonsa yana riƙe da kayan da zai ɗauka, sa'an nan a ɗan karkata ta. Idan ta nemi kifewa, a rage tsawon hannun ko a mayar da batir baya.

Abu na uku shi ne mahaɗa. Yawancin karaya a mahaɗa take faruwa. Jijjigar moto tana kwance noti a hankali ba tare da an lura ba. Maganin wannan shi ne noti mai zoben roba a ciki, ko wosha mai tsaga, ko a ɗaura noti biyu a kan juna. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da 'yar bindiga, yana da daɗin aiki, amma kada a dogara da shi a wurin da ke ɗaukar nauyi. A watan Maris da Afrilu zafin Minna yakan doshi digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya wuce haka, sai gam ya yi laushi, sensa ta sauya wuri. A ƙarshe a yi wa gaban na'urar bamba da soso ko guntun tiyo, domin karo ba makawa ne a fili.

Tayoyi da Giya

Hanya mafi sauƙi ta tuƙa mutum-mutumi ita ce moto biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan suka juya tare sai ya miƙe. Idan na dama ya fi sauri sai ya karkata hagu. Idan ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya sai ya juya a inda yake. Babu sitiyari, saboda haka babu sitiyarin da zai lalace.

Ana iya sanin gudun na'ura tun a takarda. Tayar da faɗinta ya kai santimita 6.5, kewayenta kimanin santimita 20 ne. Idan tana juyawa sau 300 a minti, na'urar za ta ci kimanin mita ɗaya a daƙiƙa. A filin da bai wuce mita uku ba, wannan gudu ya yi yawa, domin kafin sensa ta ankara an riga an wuce wurin.

A nan giya take shigowa. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san cewa gudu da ƙarfi musaya ake yi. Idan giya mai haƙora 12 tana juya mai haƙora 36, gudu zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma zai ninka kusan sau uku. Na'urar da za ta tura kaya ko ta hau gangare ƙarfi take bukata. Sannu ba ta hana zuwa.

A kuma kula da sandar da taya ke juyawa a kanta. Idan ta gefe ɗaya kawai aka tallafe ta, nauyi zai lanƙwasa ta, haƙoran giya su riƙa tsallake juna. A tallafe ta ta gefe biyu, a sa boris idan da hali. Ita tayar kanta ta zama mai roba mai kama ƙasa. A lokacin hunturu ƙura takan kwanta a kan taya ta sa ta santsi, shi ya sa gogaggun 'yan gasa ke goge tayoyi da ɗanyen tsumma kafin kowane zagaye.

Batir da Wayoyi

Lantarki yana kama da ruwa a bututu. Bolt shi ne ƙarfin turawar ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa. Ɗalibai da yawa suna amfani da allon Arduino a matsayin ƙwaƙwalwa. An fara ƙera shi a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, kuma samfurin da ake kira Uno yana aiki da bolt 5. Kowace ƙofar fitarsa 'yar wuta kaɗan take bayarwa, kimanin kashi ɗaya cikin hamsin na amfiya, alhali ƙaramin moto yakan ja ninkin-ba-ninkin haka. Wanda ya jona moto kai tsaye a jikin allon zai ƙona shi. Saboda haka ake sa wata na'ura a tsakani, mai suna direban moto, kamar L298N: ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, direba ya ɗebo wuta daga batir ya kai wa moto.

Akwai wata matsala da ke ruɗa sababbin shiga. Lokacin da moto zai tashi, ko idan taya ta maƙale, yakan zuƙi wuta mai yawa nan take, ƙarfin batir ya faɗi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta mutu ta sake farkawa, ta manta inda ta tsaya. Daidai yake da yadda fitilun gida ke dushewa idan an kunna injin jan ruwa. Ana magance wannan da ba ƙwaƙwalwa batirinta daban, a haɗa wayoyinsu na koma-baya wuri guda, ko a sa kafasita mai ɗan girma wadda za ta riƙe wuta na wannan ɗan lokaci.

Batirin da aka fi samu shi ne na litiyam mai lamba 18650, irin na cikin tsohon batirin kwamfutar cinya da fitilu masu caji. Lambar awonsa ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Kowane ɗaya yana ba da kimanin bolt 3.7, biyu a jere 7.4. Wannan batir yana da haɗari. Idan wayoyinsa biyu suka haɗu kai tsaye, ko aka huda shi, ko aka yi masa cajin da ya wuce kima, yana iya kamawa da wuta. Dole a sa fiyus da makunni a wurin da hannu zai kai da sauri, kada a bar shi a rana, kada kuma a yi amfani da wanda ya kumbura. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma kowa ya san a nan ma akan ɗauke wuta, don haka a tanadi batir biyu ko uku cike tun daren gasa.

Sai wayoyi, inda abokaina suka faɗi. 'Yan siraran wayoyin da ake cusawa a allon gwaji na ɗakin karatu ne, ba su jure karo. Idan an tabbatar da tsarin, a liƙe kowace mahaɗa da dalma kamar yadda mai gyaran rediyo ke yi, a rufe da roba, a ɗaure wayoyin a jikin firam yadda ko an ja su nauyin ba zai sauka a kan liƙin ba. A bambanta launi, ja ga mai kawo wuta, baƙi ga ta koma-baya, a kuma manna wa kowace suna. Wanda ya taɓa neman waya ɗaya cikin talatin masu launi guda, alƙali na tsaye da agogo, ya san amfanin wannan.

Sensa da Umarni

Sensa iri biyu aka fi amfani da su a gasar ɗalibai. Ta farko tana auna nisa da sauti, kamar yadda jemage ke yi. Tana fitar da ƙara mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, don haka idan amsar ta dawo bayan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, abin yana nesa da kimanin santimita 17. A zafin digiri 40 gudun sautin yakan kai kimanin mita 355, wato awon da aka yi da sanyin asuba zai ɗan sauya da azahar. Har ila yau, soso da tufafi suna shanye sauti, bangon da ya karkace kuma yana jefa amsar wani wuri.

Ta biyu tana bin layi. Tana haska ƙasa da wani haske da ido ba ya gani, fari ya maido da shi, baƙi ya shanye. Matsalarta ita ce rana ma tana fitar da irin wannan haske. Na'urar da ta bi layi lafiya a ɗaki tana iya makancewa a zauren da ke da manyan tagogi. A yi wa sensa 'yar rumfa da baƙin kwali, a kusantar da ita ƙasa, a kuma sake daidaita ta a kan ainihin filin gasa kafin a fara.

Dangane da umarnin da ake rubuta wa ƙwaƙwalwa, mafi sauƙi shi ne: in ka kauce dama, koma hagu, in ka kauce hagu, koma dama. Wannan yana aiki, amma tafiyar takan zama ta ɗan koyon keke. Wanda ya fi shi shi ne gyara gwargwadon kuskure: kauce kaɗan, gyara kaɗan, kauce da yawa, gyara da yawa. Wani injiniya mai suna Nicolas Minorsky ya bayyana wannan dabara a 1922, bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke riƙe akala. Abu na ƙarshe, a tanadi mafita a cikin umarnin. Idan na'ura ta yi daƙiƙa uku tana neman abu ba ta samu ba, ta ja da baya ta wuce aiki na gaba, kada ta tsaya jiran gawon shanu.

Gwaji

Ƙarfin na'ura a wurin gwaji ake gane shi. Ƙungiya mai hankali takan kammala haɗawa da saura mako biyu ko uku, ta ba sauran lokacin ga neman aibin abin da ta ƙera. A zana filin gasa da awonsa na gaskiya, a sa na'urar ta yi aikin sau goma a jere, a rubuta sakamakon kowanne. Idan ta ci bakwai, a binciki ukun nan ɗaya bayan ɗaya. A sauya abu ɗaya tak kafin a sake gwadawa, domin wanda ya sauya uku lokaci guda ba zai san wanne ya yi magani ba.

A girgiza ta da hannu a saurara ko wani abu na kaɗawa. A sake ta daga tsawon taƙi guda. A bar ta ta daki bango da cikakken gudu. A gwada ta da batirin da ya kusa ƙarewa, a gwada a rana, a gwada a inuwa. A ɗora ta a bayan a-daidaita-sahu a bi hanya mai gargada, a dawo a kunna. Duk abin da ya karye a gida riba ce, domin akwai lokacin gyara.

Wanda yake ganin wannan wahala ta yi yawa, ya dubi Opportunity, na'urar da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mirrihi a 2004. Aikin kwana 90 aka tsara mata, amma ta yi aiki har 2018, ta yi tafiyar kimanin kilomita 45, sai da wata gagarumar guguwar ƙura ta tare mata hasken rana sa'an nan ta yi shiru. Waɗanda suka ƙera ta sun san babu makanike a can, don haka suka gama gwaje-gwajensu tun tana ƙasa.

Ranar gasa a tafi da akwatin kayan aiki: sukundireba, filaya, sifana, dalma da abin narka ta, moto da taya da sensa na ko-ta-kwana, da kwafin umarni a wuri biyu. A rubuta jerin abin dubawa kafin kowane zagaye, mutum ɗaya ya karanta, wani ya duba. Kada a saka sabuwar dabara a daren gasa, komai kyanta.

Ina Ɗalibin Hausa a Nan?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A manyan gasanni alƙalai sukan duba kundin da ƙungiya ta rubuta tarihin aikinta, su kuma yi wa ɗalibai tambayoyi. Ƙungiyar da ke da mai iya rubutu da bayani ta fi wadda ba ta da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ni Hausa ba harshen gidanmu ba ce, a layi da kasuwa na tsince ta kafin na zo aji. A Minna ita ce ke haɗa Banufe da Bagwari da Bakambare da Bayarabe a garejin makanike da rumfar mai walda. Na lura abokaina da Ingilishi suke karanta littafi, amma idan abu ya cije da Hausa suke gardama. Yaron da ke haɗa motar langalanga a Limawa ya riga ya san cibiyar nauyi da hannunsa, sunanta ne kawai ba a gaya masa ba. Magabatanmu sun yi irin wannan aiki a fagen nazarin harshe da littafin Hausa Metalanguage na 1990, sa'an nan Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Fagen fasaha yana jiran nasa. Hanyar kuwa a fili take: mu je wurin masu gyaran rediyo da fanka da babur mu tattara kalmomin da suke amfani da su, mu zauna da ɗaliban injiniya mu tantance ma'ana, inda babu kalma mu ƙirƙira. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, kamar cibiyar nauyi da ƙarfin murɗawa da direban moto, shawara ce, kuma ƙofar gyara a buɗe take.

Kammalawa

Wannan muƙala ta bi matakan ƙera mutum-mutumi na gasa: karanta doka, zaɓen aiki kaɗan da za a iya, ƙarfafa firam da alwatika, saukar da nauyi ƙasa, fifita ƙarfi a kan gudu, liƙe wayoyi, kare sensa daga rana, da yawaita gwaji. Abokaina sun koma sun cire gaɓoɓi biyu daga hannun nasu, sun liƙe wayoyin da dalma, sun ɗaure batir da tsohuwar robar tayar keke. A gwajin da na halarta kafin na dawo makaranta, na'urar ta yi aikinta sau tara cikin goma, kuma suna nan suna binciken na goman. Ina kira ga 'yan uwana ɗaliban Hausa, duk wanda ya sami hutu ya leƙa irin waɗannan ɗakunan aiki da littafinsa da alƙalaminsa. Allah ya sa mu dace.